Ƙafar Inna ta Hagu

A unguwarmu ta Lafia babu macen da ta kai Inna saurin tafiya. 'Ya'yana ba su yarda in na faɗa musu haka, don su a zaune suka san kakarsu, da ƙafa ɗaya a miƙe bisa kujera 'yar tsugunne. Amma ni na sha binta kasuwa ina haɗawa da gudu. Ba ta waiwayowa, sai dai ta ce, "Ke, ɗaga ƙafa mana." Ni ce 'yar farinta, shi ya sa ba ta kama sunana.

Sana'arta shinkafa. Takan sayo shanshera, wato wadda ba a casa ba, ta jiƙa ta, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji. Warin tafasasshen ƙaiƙayi shi ne warin gidanmu, har a kayan makarantarmu ana jin sa. A garin Assakio take sayen shansherar, kuma tun ina goye, a hannun mutum ɗaya take saye: wata 'yar ƙabilar Alago, Kirista, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ke noma fadamar da mijinta ya mutu ya bar mata. Mama muke ce mata. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. In ta hango Inna ta sauko daga mota sai ta ware hannu ta ce, "Ƙawana, ka zo? Ka rame fa, mijinka ba ya ba ka abinci?"

Da kaka, lokacin yankan shinkafa, Inna kan yi kwanaki a gidanta. Mama ta ajiye mata buta da tabarmar salla da ba mai taɓawa. In za a yanka kaza, sai ta aika a kira Musulmi ya yanka. Da Babbar Salla cinyar rago ce rabon Mama, da Kirsimeti kuma ta aiko mana da zakara mai rai da buhun sabuwar shinkafa. Inna takan dawo daga can hannuwanta duk tabon cizo, tana dariya tana cewa sauron Assakio ya fi na Lafia cin abinci mai kyau.

Na riga na yi aure, ina koyarwa a firamare, lokacin da abin ya fara. Zazzaɓi ne mai rawar ɗari ya kayar da Inna da damina, tare da kaluluwa a matsematsinta na hagu, ta yi kamar ƙwan zabo, ba ta ko son zane ya goge ta. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne na kullum, muka sayo magani a kemis. Ƙafar ta ɗan tasa, bayan kwana kaɗan ta saɓe, Inna ta koma kasuwa. Wata daminar ya sake dawowa. Ya sake. Kowane zuwa sai ya bar ƙafar ta ɗan fi yadda ya same ta. Da fari in ka danna yatsa a ƙaurinta sai ya bar rami, mu tsaya muna kallo yana cikowa a hankali. Daga baya ko ramin ya daina yi. Fatar ta yi kauri, ta yi kaushi kamar ɓawon kaɗanya, idon sawu ya ɓace cikin ninki, 'yan yatsun suka zama kamar an dasa su a jikin turmi. Silifas ya ƙi shiga, sai da mai gyaran takalmi ya ƙara masa maɗauri da robar taya. Sunan ciwon kowa ya san shi, tundurmi, amma a gidanmu ba wanda ya yarda ya furta.

Wadda ta fara furta wani abu ita ce Gwaggo, yayar Baba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, gidanta na bayan namu, kuma kusan kullum a wurinmu take cin na rana. Baba tsohon direban ƙaramar hukuma ne, mutum mai sanyin hali, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Mutane na yabonsa da haka. Ni ma na yaba, kafin in gane cewa sanyin hali wani lokaci tsoro ne kawai ya sa riga. Tun yana yaro Gwaggo ce ta raine shi, kuma har ya yi furfura bai koyi ce mata a'a ba.

Gwaggo ta dubi ƙafar wata rana ta ce, "Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Tako ta yi. An binne mata abu a hanya ta taka."

Inna ta ce, "Haba Yaya, wa na tare wa hanya da zai binne min abu?"

"Mai shinkafar da ta fi ta kowa fita a kasuwa tana tambaya wa ta tare wa hanya?"

Ta matsa har sai da ta kai ta wurin wani mai duba a bayan gari. Ban bi su ba, Inna ce ta ba ni labari. Ya baza yashi a faifai, ya zana, ya share, ya sake zanawa, sannan ya ce mace ce, ba ta kallon gabas, kuma Inna ta sha cin abinci a kwanonta. Duk wanda ya san Inna ya san mace ɗaya ce tak a duniya ta dace da wannan kwatance. Ba na kuma shakkar cewa kafin a baza yashin Gwaggo ta riga ta baza masa labarin.

Na ce a je asibiti. Na faɗa a gaban Baba, na faɗa a bayan idon Gwaggo, na faɗa ina kuka. Baba ya ce, "Ki yi haƙuri. Yaya ta fi mu sanin duniya. In an gama na gida sai a yi na asibitin." Gwaggo kuwa cewa ta yi allura na taɓa ƙafar da aka yi wa sammu, shi ke nan ta zama ta yankewa. Wannan maganar ce ta shiga kan Inna. Mace mai rayuwa da ƙafarta, an ce mata za a yanke. Ta ce min, "Ke, bar ni in bi nasu tukuna."

Aka kira wanzami. Da hantsi ya zo, ya shimfiɗa zabirarsa a gindin mangwaron tsakar gida. Ni na riƙe kafaɗun Inna. Ya tsattsaga ƙaurinta da aska, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Da ya cire, jini kaɗan ne ya fito, sauran duk wani ruwa ne garau mai ɗan rawaya, kamar ruwan da ke tasowa a saman nono in ya kwana. Ya ci gaba da tsattsafowa daga tsagar yana gangarowa diddige. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati.

"Kun gani da idonku? Ina jini a nan? Ta shanye mata jini ta ɗura mata ruwa!"

Maƙwabta biyu da suka leƙo suka gani, suka kama baki. Kafin la'asar maganar ta gama unguwa.

Tsagar ba ta rufe ba. Ta yi ta zubar da ruwan nan har zanen gado ya riƙa jiƙewa, sannan ta ruɓe, ta soma wari. Zazzaɓin da ya biyo baya ya fi duk na baya, Inna har sambatu ta yi. Gwaggo ta ce abin ne ke faɗa da magani, alamar an taɓo shi.

Cikin wannan halin Mama ta zo. Ta ji shiru, kaka ta wuce ba ta ga Inna ba, sai wata 'yar kasuwa ta ce mata ai ƙawarki na kwance. Ta hau mota ta taho da ƙullin sabuwar shinkafa a ka da ƙwan zabi a 'yar roba. Na taso daga makaranta ke nan, na tarar da ita tsaye a bakin zaure, Gwaggo ta tare ƙofa da hannu biyu.

Mama na cewa, "Na zo gaishe ƙawana ne. An ce ba ya da lafiya."

"Kin zo ki ga ko aikinki ya ci? Ya ci. Sai ki koma ki yi rawa."

Mama ba ta gane ba da fari. Ta dube ni tana murmushi, ta ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki bar ta ta shiga. Mama ce fa." Gwaggo ta ce in rufe mata baki, 'yar boko marar kunya. Ta fizge robar ƙwan ta jefa a kwata, ta kira Mama da kalmar da har yau ba na son maimaitawa: mayya. Da ƙarfi ta faɗa, yadda masu shago da 'yan acaɓan bakin layi za su ji.

Baba na zaune a kan benci a zauren, carbi a hannu. Na ce, "Baba, ka yi magana." Ya dubi ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri ki tafi. Gidan ba lafiya."

Sai Mama ta sauke ƙullin kanta ta ajiye a ƙasa. Ta ɗaga murya ta kira Inna, ta tagar ɗakin da ke kallon layi. "Ƙawana! Ni ne! Ka ji abin da ana faɗa mini? Ƙawana!" Ta kira ta sake kira. Tagar a buɗe take, labule ne kawai. Na san Inna idonta biyu, don da safe na bar ta tana shan kunu. Labulen bai motsa ba.

Na bi Mama har titi ina ba ta haƙuri. Ba ta yi kuka ba. Ta tsayar da acaɓa, ta hau, ta ce min, "Ka koma, yarinya. Ka duba mamanka." Ƙullin shinkafar ya wuni a ƙofar gida ba wanda ya taɓa, har awaki suka yaga shi.

Da na shiga ɗaki na sami Inna ta juya fuska bango. Na ce, "Inna, kin ji ta?" Ta ce, "In ba ita ba ce, me ya sa ruwa ya fito maimakon jini?" Na yi karatu har na zama malama, na koya wa yara cewa zuciya na harba jini cikin jijiyoyi, amma ban san daga ina ruwan nan yake ba.

Bayan Inna ta tashi daga wannan kwanciya ta yi ƙoƙarin komawa kasuwa. Ta sayi shanshera a hannun dillalai, ta gyara, aka kai ta a keke mai ƙafa uku. Ta rufe ƙafar da zane, amma ƙuda ba su da sirri. Matan da suka shekara suna auna shinkafarta suka riƙa gaishe ta daga nesa su wuce rumfar gaba. Wata ta ce mata a fili, ba don komai ba, maigidanta ne ya ce kada ta ƙara kawo masa shinkafar da aka shanya kusa da wannan ƙafa. A bikin 'yar maƙwabciyarmu, inda da Inna ce ke tsayawa kan tukunyar shinkafa tun asuba, aka shimfiɗa mata tabarma can gefe aka ce ta huta, ta yi wa jama'a aiki da yawa. Abincinta a wani tsohon kwano aka zubo, kuma da ta gama na ga an ware shi daban. Ko ni ban tsira ba. Uwar mijina ta koyi kallon ƙafafuna duk lokacin da na tuɓe takalmi a ƙofarta, ta tambaye ni wai a danginmu an taɓa yin irin wannan.

Asibiti kuwa sai da wani zazzaɓin ya kusa kashe ta aka je. A ranar ban nemi izinin kowa ba. Mijina ya kawo mota, muka ɗauke ta ba ta san inda take ba. Aka kwantar da ita, aka yi ta allurai, ƙafar da aka ce za a yanke ba wanda ya ko ambaci wuƙa a kanta. Da ta farfaɗo likitan ya zauna a bakin gadon. Mutumin Filato ne, Hausarsa tsaf. Ya dubi tabon tsagar ya tambayi wa ya yi wannan. Na gaya masa, har da ruwan da ya fito da abin da aka ce a kansa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Inna, ruwan nan naki ne. Kowa na da shi, ni ma ina da shi."

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce ban da jijiyoyin jini, akwai wasu hanyoyi sirara a ko'ina cikin jiki. Jini in ya kai abinci ga tsoka, wani ruwa kan tsattsafo daga cikinsa ya zauna a tsakanin nama, su waɗannan hanyoyin ne ke kwashe shi su mai da shi cikin jini, kamar yadda lambatu ke kwashe ruwan unguwa. A kan hanyar akwai 'yan ƙulle-ƙulle a wuya da hammata da matsematsi, masu tace ruwan suna kama ƙwayoyin cuta. In sun yi faɗa da cuta sai su kumbura, shi ne muke ce wa kaluluwa. Ya ce akwai wata tsutsa siririya kamar zare, sauro ke ɗauko 'ya'yanta daga jinin wani ya zuba wa wani. Ba cizo ɗaya ke kawo ta ba, sai an daɗe ana shan cizo. A cikin hanyoyin nan take zama ta girma, ta buɗa su ta lalata su, har su kasa kwashe ruwa. Ruwan sai ya taru a ƙafa.

Inna ta ce, "To a ba ni maganin tsutsar."

Ya ce za a ba ta, amma kada ya yi mata ƙarya. Mai yiwuwa ma tsutsar ta daɗe da mutuwa, ɓarnar da ta yi ce ta rage, kuma ƙafar ba za ta koma kamar da ba. Abin da ke ƙara mata girma yanzu shi ne ƙwayoyin cuta da ke shiga ta kowace 'yar kafa a fata, ta tsakanin yatsu, ta faso, ta tsaga. Kowane zazzaɓi irin wannan sai ya ƙara toshe abin da ya saura. Ya ce da an zo tun tana tashi tana saɓewa, da ba ta kai haka ba. Maganin da ya fi duka kuwa shi ne sabulu da ruwa: a wanke kullum, a tsane kowane ninki, a sa takalmi, a ɗaga ƙafar in an zauna, a kwana cikin gidan sauro, kada a sake barin aska ta taɓa ta.

Sabulu da ruwa. Na fita baranda na zauna a ƙasa, mutane na wucewa suna kallona. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yanka baƙar kaza, an tsaga, an kori mutum daga ƙofar gida kamar kare, ashe abin da ake nema yana nan kan dakalin wanke-wanke.

Da muka dawo gida na tara Baba da Gwaggo na maimaita musu duk abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Na zaci ko kunya za ta sa a yi shiru. Gwaggo ta saurara tana taunar goro, ta ce, "To, na ji. Sauro ne. Duk mutanen da ke kwana a Assakio, me ya sa ita sauron ya zaɓa? Wa ya aiko shi?" Baba ya ce, "Komai dai da sanin Allah. A bar tone-tone."

Wata safiya ina tsane wa Inna tsakanin yatsu ta ce, "Ke, ki kai ni Assakio."

Muka je ranar kasuwa. Gidan Mama muka tarar da wasu mutane a ciki. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta gane Inna, ta dubi ƙafar, ta dubi fuskarta, ba ta amsa gaisuwarmu da daɗi ba. Ita ta gaya mana abin da ba mu sani ba. Kalmar da Gwaggo ta jefa a bakin layinmu ba ta tsaya a Lafia ba. Direbobi da 'yan kasuwa sun kai ta Assakio. Aka ce ai ga dalilin da mijinta ya mutu da wuri, ga dalilin da fadamarta ke fin ta kowa. 'Yan sari suka daina sayen shinkafarta. A coci benci ya riƙa yin fili a gefenta. Wani yaro ya mutu a layinsu, aka yi ta jifan rufin ɗakinta da duwatsu. Dangin mijinta suka ce ba za su iya kare ta ba, suka karɓe fadamar. Tana Shabu yanzu, kusa da Lafia, a wurin 'yarta.

A cikin motar komawa, da muka kusa gari, Inna ta ce wa direba akwai masu sauka a hanyar Shabu.

Mun sami gidan da tambaya. Ɗaki biyu ne a gidan haya, bayan masu sayar da katako. Mama na zaune a inuwar bango tana ɓarar egusi a tire. Ta tsufa fiye da shekarunta, kafaɗun nan masu faɗi sun zube. Ta ga Inna na jan ƙafa tana dafa ni, ta tashi ta ɗauko mata kujera, ta ɗauko wata ta ce a ɗora ƙafar. Ta kawo ruwan sanyi a kofi. Ta tambayi Baba, ta tambayi yarana. Duk abin da ake yi wa baƙo ta yi. Amma ba ta ce "ƙawana" ba.

Inna ta soma magana. Ta faɗi abin da likita ya ce, hanyoyin ruwa da tsutsa da sauro. Ta ce, "Na zo ki yafe min. An zalunce ki a ƙofar gidana."

Mama ta ci gaba da ɓarar egusinta. Ta ce, "Ni na san sauro ne ko wani abu ne. Ni ban yi maka komai ba, ba sai likita ya gaya mini ba." Ta watsa ɓawon a ƙasa. "Wancan tsohuwa, ni ba ruwana da shi. Bai san ni ba. Bai taɓa kwana a ɗakina ba. Kai ne ka kwana. Na kira ka a taga. Ka ji?"

Inna ta ce, "Na ji."

"To."

"Ciwo ne ya ɗauke min hankali. Tsoro nake ji."

"Ni ma na ji tsoro, ranar da ana jifan ɗakina. Na ce da ƙawana yana nan, zai gaya musu." Ta ɗago ta dubi Inna a karon farko sosai. "Fasto ya ce mu yafe. Na yafe, saboda Allah. Amma kar ka sake zuwa. In na gan ka, abin yana tashi mini."

Inna ta kwance bakin zanenta za ta ba ta turaren da ta saya mata a hanya. Mama ta girgiza kai. Ta ce, "Kar ka ba ni komai, kar na ba ka komai. In gobe kanka ya yi ciwo, za a ce ni ne." Har ruwan da ta kawo, na lura sai da ta fara kurɓa a gabanmu kafin ta miƙa. Ta raka mu bakin titi duk da haka, ta tsayar mana da keke, ta taimaka aka ɗaga ƙafar aka shigar. Hannunta a kan ƙafar bai yi ƙyama ba. Rabon da wani ban da ni ya taɓa ƙafar nan da hannu tun wanzami da ma'aikatan asibiti.

Ba su sake ganin juna ba. Mama ta rasu bayan 'yan shekaru, ba mu ji ba sai da aka yi wata da binne ta. Na je gaisuwa ni kaɗai. 'Yarta ta amsa min a tsaye, a bakin ƙofa.

Inna na nan. Tun da muka kama wankin ƙafar zazzaɓin ya yi sauƙi, warin ya tafi, fatar ta ɗan yi laushi, amma girman na nan. Ta bar shinkafa. Tana sayar da gishiri da magi da ƙullin omo ta taga, abubuwan da ke cikin leda, waɗanda ba wanda zai ce ƙafa ta taɓa. Baba ya rasu da sunansa mai kyau, ranar jana'izarsa kowa na cewa bai taɓa ɓata wa wani rai ba. Ina jin su ina kallon ƙasa.

Gwaggo ma na nan, ƙafafunta biyu sumul, tana zuwa cin na rana kamar kullum, kuma Inna na zuba mata. Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo unguwa suna raba ƙwayoyin rigakafin tundurmi gida-gida, suna auna tsawon mutum da sanda kafin su ba shi. Gwaggo ce ta fara miƙewa ta jingina da sandar, har tana ɗaga diddige don a ƙara mata. Na ce, "Gwaggo, ai na ɗauka kin ce aiko shi ake yi." Ta ce, "To in an aiko ya tarar na shirya mana. Ke dai ba ki da ta ido. Miƙo min ruwa."

Na miƙa mata. Ta haɗiye, ta yi hamdala, ta tambayi ma'aikaciyar ko za a ba ta na jikokinta ta ajiye musu.